Aljanun Festy Linnane

Ƙanena Festy bai taɓa yarda da komai ba, tun yana ɗan mitsitsinsa. In mai rediyo ya ce gobe za a yi rana, Festy zai ɗauki rigar ruwa. In ya ce za a yi ruwa, nan ma zai ɗauka, don a yankinmu na Burren ko mahaukaci ya san za a yi ruwa, amma sai ya gaya maka ba don maganar rediyo ya ɗauka ba. Ran da aka ce Amurkawa sun sauka a kan wata, fita ya yi tsakar gida ya ɗaga kai ya duba, ya dawo ya ce shi bai ga kowa ba. Likita ya ce ya rage man shanu, ya ce ai likitan da ya gaya wa babanmu haka, babanmu ne ya kama masa akwatin gawa. To wannan mutumin ne, da shekara saba'in da 'yan kai a duniya, ya wayi gari yana tsoron aljanu.

Ni ce Dympna, yayarsa. Shekara biyu na ba shi, kuma har gobe ba na bari ya manta. Na yi aikin jinya a Ingila har gashina ya yi fari, sannan na dawo na zauna a ɗan gidan da ke ƙasan hanya, inda nake hango ƙofarsa daga tagar kicin. Ba sa ido nake yi ba, tagar ce aka yi ta a wurin.

Gonar da babanmu ya bar masa, in ka ga dama ka kira ta gona, dutse ne shimfiɗe da 'yar ciyawa a tsagogi. Da sanyi ya kora shanu saman tudu, da bazara ya sauko da su, sauran shekara kuma yana jera dutse a kan dutse. Katangun Festy ba siminti, ba ƙyaure. In zai shigar da shanu sai ya rushe wani gefe, su wuce, ya sake jerawa. Na ce masa ƙyauren ƙarfe ba ya cizo, ya ce ƙyaure na ragwaye ne. A rayuwarsa sau ɗaya ya je Dublin, kallon wasa, ya dawo ya ce garin ba laifi amma shayinsu ruwa ne. Matarsa Nuala kuwa, ya yi shekara uku yana raka ta gida daga rawa bai ce mata komai ba sai labarin farashin maruƙa, har ta gaji ta tsaya a bakin hanya ta ce, "Festy, aurena za ka yi ko sayar mini da maraƙi?" Ya ce zai yi tunani. Sun fi shekara hamsin tare.

Can saman tudun akwai wata tsohuwar ganuwa. Caher muke ce mata. Katanga ce ta dutse zalla, a kewaye kamar bakin kwano, kaurinta ya isa mutum biyu su jera a kai, da ƙofa ɗaya mai kallon gabas. An ce wani mai shanu ne ya gina ta shekara dubu da suka wuce don kada maƙwabta su kore masa garke, abin da ke nuna maƙwabta ba su canja hali ba. Tsofaffi suka ce bayan masu gidan sun ƙare, mutanen kirki ne suka tare a ciki. Haka muke ce musu, don ba a kiran aljani da sunansa a ƙofar gidansa. Ba a ɗaukar dutse daga ganuwa, ba a saran bishiyar ƙayar nan mai farin fure da ke gefen arewa. Festy bai taɓa sara ba, amma dariya yake yi wa maganar. A cikin ganuwar yake cin burodinsa na rana, ya rufe fuska da hula ya yi minshari, ya ce in akwai aljanu to ba su da zuciya.

Amma akwai abin da ke cikin ganuwar nan wanda ba aljani ba, kuma gara in gaya muku tun yanzu, don kada ku yi ta yi wa ƙanena dariya kamar yadda gari ya yi.

Cikin fari na Nuala bai zo da rai ba. A wancan zamani, wanda bai samu baftisma ba, ba a kai shi maƙabartar coci. Ba limamin coci, ba addu'a, ba zaman makoki. Uba ne ke ɗauka shi kaɗai da asuba, ya kai irin waɗannan wurare da aka san ba mai taɓawa. Unguwarzoma ta naɗe abin da aka haifa tun kafin Nuala ta ɗago kai, ta ce gara kada ta gani, ta miƙa wa Festy. Ya sa a akwatin man shanu ya hau tudu. Ya sauko ya tatsi shanu. Ni ina Ingila a lokacin, da na zo gida innarmu ta gaya mini da magana guda, tana wanke kwanuka, ba ta ko juyo ba. Ba a ce mace ce ba, ba a ce namiji ne ba. Unguwarzomar ta mutu da saninta, saura Festy. "Abin nan" muke cewa in magana ta kama, kuma ba ta kamawa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to mu nan mun ɗauki karin maganar har ta yi mana yawa.

Daga baya Allah ya ba su 'yan mata uku, suka girma suka watse, ɗaya Boston, ɗaya Sydney, ɗaya Galway. Nuala kuwa tun daga wannan asubar ba ta sake taka saman tudun ba. In aka tambaye ta sai ta ce hawa ba ya yi mata.

Wata bazara sai ga mota a ƙofar Festy. Kafin a kashe inji na riga na sa mayafi na haura, don na tuna ina bukatar aron sukari. Na tarar da wata mace doguwa da takalman roba a kicin, Dakta Emer Tuohy daga jami'a, cikin masu tonon tarihi. Nuala ta yi mata tayin shayi, ita kuwa ta ce "I, na gode," a tayin farko! Mu nan sai an yi maka tayi ka ƙi, an sake ka ƙi, an rantse maka cewa ruwan ya riga ya tafasa, sannan ka ce to ɗan kaɗan. Na kalli Nuala, Nuala ta kalle ni. Amma na ga yarinyar ta kwanta wa Nuala a rai.

"Mista Linnane," in ji Dakta.

"Mista Linnane babana ne, yana bayan coci a kwance, kusa da katanga. Ni Festy ne."

Ta yi dariya ta yi bayani. Tana son ta kawo ɗalibai su tona cikin ganuwar, su ga yadda mutanen dā suka zauna, me suka ci, me suka bari. Duk ƙasar da aka ɗebe za a mayar, ko dutse ɗaya ba za a sauke daga katanga ba. Sai dai ba ta da iko sai mai ƙasa ya yarda.

Festy ya juya cokali a kofi ya ce, "To, za mu gani."

Duk wanda aka haifa a gundumarmu ta Clare ya san "za mu gani" na nufin har abada ba za mu gani ba. Ita ma ta gane, har ta fara laluben makullin mota. Sai Nuala, tana tsaye gaban murhu ta ba mu baya, ta ce, "Ku tona."

Shayi ya shaƙe Festy. Amma ba a musa wa matar gida a gaban baƙo mai kofi a hannu. Ya yi tari, ya share baki, ya ce, "Kin ji abin da uwargida ta ce." Yana raka baƙuwar zuwa mota na tare Nuala.

"Ke Nuala, lafiyarki kuwa? Kin san abin da ke can."

"Abin da ban sani ba ke nan, Dympna. Ban san ina ne ba, ban san komai ba. Gwiwoyina sun fara tafiya, ni ma ina bayansu. In shi ba zai buɗe baki ba, ƙasa ta buɗe nata."

"Ki tambaye shi mana."

"Shekara hamsin ban tambaya ba, da wane baki zan fara?"

Na gyara mayafina na koma gida. Ko sukarin ban karɓa ba.

Ɗaliban suka zo da bokitai da rariya da 'yan cokulan magina. Aikinsu abin kallo ne. Sai su kafa turaku huɗu, su ja igiya, su durƙusa suna kankarar ƙasa kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. Duk inda aka kafa turaku, nan za a tona, wannan ko ɗan yaye ya gane. Suka fara daga bakin ƙofa suka nufi tsakiya, Festy na zaune a kan katanga yana kallonsu yana cewa da shebur ɗaya shi da kansa zai gama musu aikin kafin shayi ya huce. Har ran da ya hau da safe ya ga Dakta ta kafa turaku a gefen arewa, ta kewaye gindin ƙayar da jar igiya. Daga wannan rana ƙanena ya shiga addinin aljanu.

Ya fara da labarai. Ya tara ɗaliban lokacin cin abinci ya ce akwai wani mutum da ya karya reshe ɗaya na ƙayar nan, kafin ya isa gida bakinsa ya koma kusa da kunne.

"Wane ne?" in ji wata ɗaliba.

"Ba ki san shi ba, ya mutu."

Akwai wanda ya ɗauki dutse daga gindinta, saniyarsa ta daina ba da nono sai ruwa. Akwai wanda ya yi fitsari a wurin, wannan kam Festy ya ce ba zai faɗi abin da ya same shi a gaban mata ba. Yaran suka ji daɗi, har da masu ɗaukar muryarsa a waya. Da ya ga labari bai tumɓuke turaku ba, sai ya fara kai madara a faranti yana ajiyewa a gindin ƙayar. Kullum da safe a ga faranti tas, ya ce kun gani ko? Kyanwar Nuala kuwa ta yi ƙibar da ba ta taɓa yi ba.

Labari ya sauka gari. Malachy Hehir, abokinsa tun suna makaranta, wanda bai taɓa barin Festy ya sha giyarsa cikin kwanciyar hankali ba, ya samu abin nema. Festy na shiga mashaya Malachy zai miƙe ya cire hula.

"Ku matsa, ku matsa, ga limamin aljanu! Festy, ya jama'ar taka? Madarar ta ishe su ko a ƙara musu da biskit?"

"Za ka gani, Malachy."

"Kai da ka ce ba kowa a wata! Yanzu kuma akwai gari guda a gonarka?"

"Watan ban je ba. Gonar kuwa tawa ce."

Mata suka dinga tare ni bayan coci suna tambaya cikin tausayi ko kan Festy ya fara taɓuwa. Na ce musu kansa dā ma a taɓe yake, babu sabon abu. Amma raina ya ɓaci, wallahi, don ni kaɗai ke da izinin zagin ƙanena.

Sai turakun suka fara tafiya. Kullum ɗalibai su hau su tarar an tumɓuke na gindin ƙayar an jera su a bakin ƙofa, an naɗe jar igiyar da kyau kamar za a mayar kanti. Dakta ta mayar, gobe a sake. Wata safiya ina wurin, na kai musu burodin Nuala, ta durƙusa ta duba taɓon ƙasa ta ce, "Festy, mutanen kirkin nan takalmin roba suke sawa. Kuma na hagun yana da faci."

Festy ya ja ƙafarsa ta hagu baya a hankali ya ce, "Su ma zamani ya zo musu."

Ta mayar da turakunta.

Duk da haka ya saba da su. Ya gyara musu hannun bokiti, ya kore shanu daga hanyarsu, yana leƙa abin da rariya ta tare. Ƙashin tumaki, ƙashin shanu, ƙashin alade. "Shekara dubu," in ji shi, "kuma abin da suka bar mana shara ce." Suka tono dutsen niƙa da ya lotse a tsakiya, da wata allurar ƙarfe ta maƙale mayafi, da ɗan dutsen wuya shuɗi kamar ƙwayar wake. Dakta ta nuna masa da'irar wani ɗaki da baƙin wurin da murhu yake, ta ce a nan wata mace ta yi ta niƙa har dutsen ya cinye. Ya daɗe yana kallon baƙar ƙasar. Ya ce, "Ita ma ta sha hayaƙi." Amma idonsa na kan ramin, don kullum ramin ƙara matsowa arewa yake yi, shi kuma sai ramewa yake. Nuala ta ce ya daina cinye dankalinsa.

Na same shi wata yamma yana gyaran katangar da ba abin da ya same ta.

"Kai Festy, tsohon banza, har yaushe za ka mayar da kanka abin dariya? Ka gaya wa yarinyar nan gaskiya. Mutuniyar kirki ce, ba za ta taɓa wurin ba."

"Yaya, ki bar ni." Ba ya ce mini Yaya sai na matse shi a lungu.

"Ba zan bar ka ba."

"In na gaya mata na gaya wa gari. In na gaya wa gari na gaya wa Nuala."

"Ikon Allah! Nuala ba ta sani ba ne? A gadon wa aka yi haihuwar?"

Ya ɗauki dutse ya juya shi ya ajiye, ya sake ɗauka. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ƙasar wurin ba ta da zurfi, Dympna. Shebur biyu na yi na tarar da dutse. Da hannu na ƙarasa, na jera duwatsu a kai. Ko addu'a ban yi ba, duk ta gudu daga kaina. Akwatin man shanu, da sunan kamfani a jiki. Da wane ido zan nuna mata wannan?"

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi. Na ce masa dutsen da ke hannunsa ba na wurin ba ne, na tafi gida na yi kuka a kicin.

Da aiki ya kusa ƙarewa Dakta ta gayyaci gari su hau ran Lahadi bayan coci su ga abin da aka samu. Kowa ya ce shi ba ruwansa da tsoffin ƙasusuwa, kuma kowa ya hau. Ina ɗaura takalmi sai ga Nuala a ƙofata da rigarta ta zuwa coci da sanda.

"Ba ni hannunki," in ji ta.

"Ba hawa ba ya yi miki ba?"

"Yau ya yi."

Muka hau a hankali, tana tsayawa tana haki tana zagin gwiwoyinta. Kafin mu isa an riga an fara. Muka tsaya a bakin ƙofar ganuwar, bayan jama'a, ta zauna a kan wani faffaɗan dutse. Festy bai gan mu ba. Yana can gefen arewa ya tsaya a gaban ƙayar ya harɗe hannu, kamar ɗan sanda a ƙofar banki.

Dakta ta nuna dutsen niƙa, ta nuna allura, dutsen wuyan ya zaga hannu hannu. Aka yi tambayoyi, yawanci ko an samu zinariya. Sai Malachy, wanda ya biya mashaya kafin ya hau don samun ƙarfin gwiwa, ya hango shebur jingine da katanga. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Dariya kawai yake nema, kamar kullum. Ya ɗauki shebur ya saɓa a kafaɗa ya nufi ƙayar.

"Jama'a ku shaida! Yau zan gaisa da surukan Festy. In bakina ya koma kunne, ku gaya wa matata ta huta."

Aka fashe da dariya. Dakta ta ce, "Malachy, kada," amma dariya ta danne muryarta. Ya tsallake jar igiyar, ya kafa bakin shebur a ƙasa, ya ɗaga ƙafa zai taka.

Ban taɓa ganin Festy ya ɗaga wa mutum hannu ba. Ya cafki shebur ɗin da hannu biyu ya fizge, har Malachy ya yi taga-taga, ya jefa shi bayan katanga. Muka ji ƙararsa a kan dutse.

"Ɗana na nan!" in ji shi. "Ka ɗauke ƙafarka, Malachy. Ɗana na nan."

Malachy ya dubi ƙasan takalminsa, ya ja da baya, ya tsallake igiyar a hankali. Ya cire hula, wannan karon ba da wasa ba. "Festy, ban sani ba," in ji shi. Can kuma ya ce, "Innata ma tana da biyu a wani wuri. Ba a taɓa gaya mana ina ba." Na ga tsofaffi da yawa sun sunkuyar da kai.

Dakta ta matso ta ce da ƙaramar murya, "Tun makon farko na ga 'yan fararen duwatsun da aka jera a wurin, na san ko mene ne. Ba zan taɓa tona nan ba. Igiyar nan don kada ɗalibai su taka na ja ta. Na ga ba ka son a faɗa, shi ya sa ban faɗa ba."

Festy ya kalle ta baki buɗe. Bazara guda yana tashi da asuba yana tumɓuke shingen da aka yi wa ɗansa. Ni dai da ba don inda muke ba da na gaya masa abin da ke bakina.

"Me ka ce?"

Muryar Nuala ce. Jama'a suka dare. Ta tashi daga kan dutsen ba tare da hannuna ba, ta tako da sandarta har gaban igiyar. Fuskar Festy ta yi fari.

"Nuala, me ya kawo ki? Gwiwoyinki..."

"Rabu da gwiwoyina. Ɗanka ka ce. Namiji ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka duba?"

"Na duba. Na buɗe zanen kafin in rufe. Yana da gashi baƙi, da yawa, irin na babanki."

Ta dafe ƙirji. Na zaci faɗuwa za ta yi, na matsa. Sai na ji wani sauti ya fito mata, rabi kuka rabi dariya.

"Sorcha," in ji ta. "Shekara hamsin ina kiransa Sorcha! Na ga duk mata nake haifa, na ce ita ma mace ce. Kowace Kirsimeti sai na ce da yanzu Sorcha ta yi kaza, da yanzu Sorcha ta yi aure. Ka bar ni ina kiran yaro da sunan mata, Festy Linnane!"

"Ba ki tambaya ba."

"Ba ka faɗa ba!"

Ya murza hularsa a hannu. Hawaye na bin tsagogin fuskarsa, bai ko share ba. "Ni Colm nake ce masa," in ji shi. "In na zo cin burodi."

Ashe abin da ke kai shi ke nan. Ni da na yi shekaru ina cewa lalaci ne ke kwantar da shi a ganuwa.

Malachy ne ya fara juyawa ya fita, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce musu. Dakta ta kwashe ɗalibanta. Ni ban tafi ba, kuma ba wanda ya isa ya kore ni.

"Nuna mini," in ji Nuala.

Ya ɗaga mata igiyar ta wuce. Ya kai ta ƙarƙashin rassan, inda wasu duwatsu ke kwance cikin ciyawa, ya nuna da hannu. "Ba zurfi," in ji shi. "Ban yi shi da kyau ba, Nuala. Akwatin ma..."

"Yi mini shiru ka riƙe ni."

Ya riƙe ta, ta durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Ta cire safar hannunta ta ɗora tafinta a kan dutsen, ta daɗe a haka.

"Sannu, Colm," in ji ta. "Ni ce innarka. Ka yi haƙuri da Sorchar nan, laifin ubanka ne."